Daga Burra zuwa Broken Hill da tafi-da-gidanka

Shekara da shekaru muna cewa wayar tafi-da-gidanka da kotun tafi-da-gidanka, amma ban san ainihin abin da kalmar take nufi ba sai a hutun makaranta na watan Yuli, lokacin da na ɗaura wa motata ɗaki mai taya biyu wanda na yi haya, muka bar birnin Adelaide da ke jihar Ostareliya ta Kudu, a ƙasar Ostareliya, muka nufi arewa ni da uwargida da yaranmu biyu. A cikin ɗakin akwai gado, da murhun gas, da ƙaramin firji, da tankin ruwa. Mutanen Ostareliya, musamman waɗanda suka yi ritaya, sukan shafe watanni suna yawo da irinsa, kuma da wuya ka shiga ƙaramin gari ka rasa filin da aka ware musu, mai wutar lantarki da banɗaki. Tun daren farko uwargida ta raɗa wa irin wannan fili suna zango, ni kuma ta ce da ni madugu, kodayake wannan madugun bai iya ko komawa da baya ba.

A Burra, mai nisan kimanin kilomita 160 daga Adelaide, asirina ya tonu. Wanda bai taɓa jan tirela ba bai san cewa idan ya murza sitiyari dama, gindinta hagu zai nufa ba. Sau biyar ina gwadawa ɗakin yana lanƙwashewa, har wani dattijo da ke maƙwabtaka da mu ya ajiye kofin shayinsa, ya zo ya ce in kama ƙasan sitiyarin, in tura hannuna ɓangaren da nake so ɗakin ya bi. Da gwaji ɗaya muka shiga.

Burra gari ne da jan ƙarfe ya kafa. A shekarar 1845 aka gano ma'adinin, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga yankin Cornwall na Ingila, kuma a wancan lokaci arzikinsa ne ya tallafi Ostareliya ta Kudu daga durƙushewa. An rufe mahaƙar a 1877, garin ya koma kiwon tumaki, gine-ginen dutse suka tsaya yadda suke domin babu mai kuɗin rushe su ya sake wasu. Tsarin yawon buɗe idonsu ya burge ni: za ka biya kuɗi a ofishin baƙi a miƙa maka makulli da taswira, kai da kanka za ka riƙa buɗe ƙofofin wuraren tarihi kana rufewa, har da gidan yarin Redruth na 1856. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ramukan da talakawan ma'aikata suka haƙa a gaɓar rafin garin suka zauna a ciki da iyalansu saboda tsadar haya. Sai da na sunkuya kafin na shiga ɗaya daga cikinsu, ƙasa tana da danshi, haske kuwa ta ƙofa kawai yake shigowa. Ambaliyar ruwa da cututtuka ne suka kori mutane daga wurin, bayan yara da yawa sun rasu.

Daga nan hanya miƙaƙƙiya ce zuwa Broken Hill, fiye da kilomita 350 na fili da gajerun ciyayi da awakin daji. Mai jan ɗaki ba ya gudu, kuma dole ya sauka kafin magariba saboda kangaru da ke tsallaka titi idan rana ta yi sanyi. Da farko wannan jan ƙafa ya dame ni, daga baya na lura cewa shi ne ya sa muka tsaya a ƙauyukan da mai sauri ba zai ko karanta sunansu ba, irin su Terowie, wanda a tashar jirgin ƙasarsa Janar MacArthur na Amurka ya yi wa 'yan jarida jawabi a 1942.

Broken Hill yana cikin jihar New South Wales, amma agogon Adelaide yake bi. Azurfa da dalma ne suka haife shi bayan Charles Rasp ya gano dutsen da ke ɗauke da su a 1883, daga nan ne kamfanin haƙar ma'adinai na BHP ya samo asali a 1885, kuma har sunayen titunansa na ma'adinai ne, kamar Argent da Oxide da Chloride. Duk da haka, ba mahaƙar ce ta kawo ni ba. A arewacin garin akwai wani ƙaramin masallaci na kwanon rufi, bango da sama duka kwano, wanda masu raƙuma suka gina a ƙarshen ƙarni na 19. Turawa sun yi musu kuɗin goro suna kiransu 'yan Afganistan, alhali da yawansu daga Balucistan da Sind da Fanjab suka fito. Kafin jirgin ƙasa da manyan motoci su kai ko'ina, ayarin raƙumansu ne yake kai gari da shayi da wayar shinge gonakin da ke cikin hamada, ya dawo da ulu. Da motoci suka karɓe sana'ar a wajen shekarun 1920, aka saki raƙuman a daji, kuma jikokinsu ne suke yawo a tsakiyar ƙasar har yau.

Na daɗe a tsaye ina duban kayan raƙuman da aka ajiye a wurin, ina tuna labarin da kakana yake ba mu na fataken da ke sauka da gishirin Bilma da kanwa a Kano. Ga unguwar baƙi a gefen gari, ga masallaci, ga wurin durƙusar da raƙuma. Duk wanda ya san zango a Kumasi ko a Damagaram zai gane fasalin nan take. Da lokacin azahar ya yi muka nemi izini muka yi salla. Ɗana ya ja rigata ya ce ai ba gabas muka fuskanta ba, sai na nuna masa a taswirar waya cewa daga nan Makka tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa.

A hanyar dawowa na manta cewa ba a shiga Ostareliya ta Kudu da ɗanyun kayan marmari, saboda ƙudan da ke ɓata gonakin lemo da inabi. Uwargida ce ta hango allon gargaɗi tun kafin mu kai shingen bincike. Muka gangara gefen titi, muka buɗe ƙofar ɗakinmu, muka zauna mu huɗu cikin iskar sanyi muka shanye lemo goma sha ɗaya, tumatirin kuma ta soya shi a murhun gas ɗin nan take muka ci da burodi.