Dangin Karfasa a Akwatin Gilashi

Sana'armu ta asali kiwon karfasa da tarwaɗa ce a wani ƙauye da ke gefen kogin Haɗeja. Daga baya muka ƙara da kifin ado, wanda masu otal da magidanta daga Dutse da Kano suke saye. Wanda aka fi nema shi ne dangin da masana ke kira sikilid, kuma masu saye da yawa sukan riƙe baki idan na shaida musu cewa karfasar da suke ci 'yar wannan dangi ce.

Masu launin shuɗi da ruwan ɗorawa asalinsu Tafkin Malawi ne, inda ake da ɗaruruwan ire-irensu da ba a samun su a ko'ina. Wani iri da ake kira oska daga yankin Amazon yake, shi kuwa kiribensis mai jan ciki ɗan gida ne, daga rafukan kudancin Najeriya.

Launi ne ke jawo mai saye, amma a ganina halin kifin ne ke riƙe shi. Namiji yakan zaɓi gindin dutse, ya dinga ɗibar yashi da baki yana tofarwa gefe har ya haƙa rami, sannan ya tsare wurin, duk wanda ya matso ya fatattake shi. Macen kifin Malawi kuwa takan kwashe ƙwanta ta ɓoye a baki, ta yi kusan mako uku ba ta cin abinci, ƙasan haɓarta a kumbure, har ranar da za ta saki 'ya'yan suna iyo. Mutumin da ya taɓa ganin wannan da idonsa da wuya ya bar kiwon.

Faɗansu ne ya sa nake cika akwati da duwatsu masu maɓoya, kuma ba na haɗa 'yan Malawi, masu son ruwa mai gishirin ƙasa, da 'yan Amazon.

Babbar wahalarmu hunturu ce. Waɗannan kifaye suna son ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 da 28, alhali a daren Disamba da Janairu ruwan kan yi sanyi har su daina cin abinci, cutar fararen ɗigo ta kama su. Da bazara kuma iskar cikin ruwa ke raguwa, sai ka gan su a sama suna haki. Saboda haka na'urar ɗumama ruwa da injin iska duk a kan sola muka ɗora su, muna kuma canza rubu'in ruwan duk mako. Wanda ba shi da tsayayyar wuta a gida nakan ba shi haƙuri ya fara tanadar ta kafin in sayar masa da ko guda.