Manyan rim da gargadar hanyar Garwa zuwa Marwa

Motata Toyota Corolla ce ta hannu, daga Duwala aka hauro da ita, kuma mai ita na farko ya riga ya sa mata rim mai inci 17 da siraran tayoyi, 215/45. In tana tsaye sai ka so ta. Amma harkata tsakanin Garwa da Marwa take, wani lokaci har Mora, kuma duk ramin da ƙafarta ta faɗa sai na ji shi a gadon bayana. Ranar da na ɗauko Inna daga Figil, ba mu yi nisa ba ta ce, "Ɗan nan, motar taka ƙarfe ne zalla a ƙasanta?"

Na kai wa wani dattijon makanike. Bai taɓa sufana ba tukuna, sai ya ce in shiga mu zaga ta kan gargada. Abin da ya koya mini a wannan zagayen shi ne yadda ake rarrabe ciwo da ciwo. Bugu mai kaifi, sau ɗaya, wanda ke zuwa har sitiyari, yawanci daga taya yake. In kuwa an wuce tudu mota ta ci gaba da lilo sama da ƙasa, ko ta dunguri ƙasa da hanci idan an taka birki, shakazoba ce ta mutu. Ƙwas-ƙwas ɗin da ake ji daga ƙasa a kan ƙananan ramuka kuma, robobin bushin ne suka cinye. Tawa ta haɗa duka ukun.

Lambobin jikin taya nan ne mutane da yawa ba sa kula. A 215/45, lamba ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta, kashi 45 cikin ɗari na faɗin. Ka ga gefen bai wuce milimita 97 ba. Ainihin tayar motar, 195/65 a rim 15, gefenta kusan milimita 127 ne. Tazarar santimita 3 ke nan ta roba da iska, kuma ita ke fara shanye bugun rami tun kafin ya kai ga sifirin. Tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, domin abin da rim ya ƙara daga roba ya ci. A kan kwalta mai santsi siririyar taya ta fi riƙe kwana, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga da Kusiri ya san ba kwana ce damuwarmu ba. Siririyar taya in ta daki bakin rami sai ta matse tsakaninsa da rim, gefenta ya kumbura, rim ya lanƙwashe.

Na so in fara da sauya rim, dattijon ya hana. "Malam, ka sa sabuwar taya a kan matacciyar shakazoba, ita za ta cinye maka ita." Ya sa na shafa bayan tayar gaba, na ji ta ci tudu-tudu, alamar ƙafar tana tsalle a kan hanya maimakon ta lafe. Jikin shakazobar hagu kuma duk mai ne da ƙura ta manne masa. Muka sauya na gaba biyu tare, don ba a sauya ɗaya a bar ɗaya, muka sa sabbin bushin, aka daidaita ƙafafu. Lilo ya tafi, ƙarar ta ɗauke, birki ma ya fi kamawa. Bugun nan mai kaifi dai yana nan, sai da na koma rim 15 sannan ya lafa.

Sai batun iska, wanda ba ya cin ko dala amma yana ɓata duk wancan aikin. Masu faci da yawa suna dura iska ne har sai taya ta yi tauri a ƙafa. Adadin da kamfani ya sa yana rubuce a jikin ƙofar direba, nawa bai wuce bar 2 da ɗan wani abu ba (bar ma'aunin ƙarfin iskar taya ne). A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, iskar cikin taya tana ƙaruwa da tafiya, shi ya sa nake aunawa da sassafe kafin mota ta motsa. Rage iska ƙasa da ƙa'ida don neman laushi kuwa haɗari ne: taya tana ɗaukar zafi, tana iya fashewa ana cikin gudu.

Wanda zai sayi taya ta hannu, ina roƙonsa ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta. 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Roba tana bushewa da shekaru, balle a ranarmu, kuma busasshiyar taya ko zanenta bai goge ba tauri take yi, gefenta ya tsattsage. Na mayar da guda biyu saboda wannan kafin na samu waɗanda nake hawa yanzu.