Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Auta Mai Shurin Ƙofa

Makon jiya mun tsaya a inda Auta ta fara tafiya. Daga nan gidan ya rasa sakat, don tare da ƙafa ta samu ido. Duk abin da aka yi a gabanta sai ta ɗauke shi.

Ƙofar ɗakinmu a lokacin ta kumbura daga ƙasa, ba ta buɗuwa sai an ɗan buge ta. Abbansu yakan murɗa mariƙin, ya sa ƙafa ya daki ƙasan, ya shige. Daga baya kafinta ya zo ya fere ta, ta koma buɗuwa da yatsa ɗaya, mu manya muka manta ma an yi. Auta ba ta manta ba. Tana da shekara biyu da 'yan watanni, duk ƙofar da ta tarar sai ta kai mata shuri kafin ta tura: ta banɗaki, ta firji, ta durowar kaya, har wadda take a wangale. Kuma fuska a ɗaure take yi, ba alamar wasa. In ka yi dariya ta harare ka.

Abin ya fara damuna ranar da ta shuri ƙofar likita, mutane na zaune a layi. Da muka dawo na kira ƙanwata, wadda ta karanci halayyar yara, na ce ko dai yarinyar nan faɗa za ta yi in ta girma.

Ta ce, "Haba Yaya, wane faɗa? Ita a wajenta shurin yana cikin buɗe ƙofa. Ta ina za ta san wanne ne aikin, wanne ne ƙari?"

Sai ta ba ni labarin wani gwaji da Victoria Horner da Andrew Whiten suka wallafa a 2005. An kawo akwati da lada a ciki, babba ya nuna yadda ake ciro shi, amma da gangan ya haɗa da motsin banza, yana tsokana sanda a wani rami na sama. Da aka kawo akwatin da ake ganin cikinsa, birai cimfanzi suka gane ramin saman ba ya tsinana komai, suka tsallake shi suka nufi lada. Yara 'yan shekara 3 zuwa 4 kuwa suka maimaita komai, har motsin banzan. Na ce wato biri ya fi 'yata wayo? Ta ce a'a, yaro ya yarda ne cewa babba ba ya yin abu a banza, kuma da wannan yardar yake koyon abubuwan da bai kai ga fahimtar dalilinsu ba.

Maganar ta zauna mini. Ni dai ban ga adalci ba a kira irin wannan rashin ji. Yarinyar da ta kiyaye abin da ubanta ya manta, ai ta ji har ta wuce misali.

Ba duka ɗabi'unta ne kwaikwayo ba, wasu ita ta ƙirƙiro abinta. Ba ta barci sai tana murza kunnena. Tana da wani tsohon tsumma da ba a isa a wanke ba. Ranar da na wanke, ta shinshina ta yi jifa da shi, muka kwana kuka.

Wanda ya fi ba mu dariya shi ne na waya. Takan ɗauki takalmi ta kara a kunne, ta yi gyaran murya sau biyu, ta soma zagaye falo hannu ɗaya a ƙugu, tana "To... to... ba damuwa." Abbansu ya tsaya yana kallonta, can ya juyo ya ce, "Wai wa take kwaikwayo haka?"

Yayyenta suka fashe da dariya, babban har da faɗuwa daga kujera.

Ya ce, "Ni? Ni haka nake yi?"

Kafin wani ya amsa wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya yi gyaran murya sau biyu, ya miƙe.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar da aka kai Auta makaranta, tsumman nan a cikin jaka.