Abin da kullen korona ya koya min a gidan tarihi

Aikina zagayawa da baƙi ne a wani gidan adana kayan tarihi a cikin birni, yawanci ƴan makaranta da ake kwasowa a bas. Da aka kulle Kano ranar 16 ga Afrilu 2020 sai oga ya kira ni ya ce tunda kullum kaina na kan waya to in riƙe shafinmu na Facebook kar mutane su manta da mu.

Ni kuma na zata abin wasa ne. Na ɗauko abin da na haddace, Sarkin Kano Gijimasu ne ya fara ganuwa, Sarki Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 shi ya kafa kasuwar Kurmi, Turawa sun ci Kano a 1903, in sa hoton sulke in zuba dogon turanci a ƙasa. Shiru kake ji. Kuma ban ga laifin kowa ba, azumi ya kama, Buhari ya ƙara sati biyu a kan kullen, mutum na neman abin buɗa-baki wa zai ƙona data a kan turancina.

Kuskure ne ya cece ni wallahi. Na sa wani tsohon hoton ƙofa na rubuta Ƙofar Na'isa, bayan asham sai ga saƙon murya, wani dattijo ne jikansa ya riƙe masa waya, ya ce ɗan nan wannan ai Ƙofar Mata ce, ka dubi hanyar da ke gefe, ya shiga ba ni labarin marinar wajen, yadda ake zuba baba da toka a rami a bar su su yi kwanaki kafin a tsoma zane, da masu bugu da ke karɓa su sa masa sheƙi, ni da na shekara ina gaya wa yara an kafa marinar a 1498 ban taɓa sanin rabin wannan ba. Na ji kunya amma na ce Baba don Allah a bar ni in yaɗa.

Daga nan na daina bayani, na koma tambaya, da Hausa, kuma da murya, don da yawa daga waɗanda suka san abin ba sa rubutu a waya. Muka buɗe guruf a WhatsApp. Da Sallah ta zo babu hawa, ba Daushe ba Nassarawa, gari tsit kamar ba Kano ba, na ce kowa ya binciko hoton hawa a gidansu. Mata ne suka fi turowa, abin da ban zata ba, su ne ashe ke ajiye da albam a ƙasan adaka, kuma sun fi mu sanin wane ne a kan wane doki.

Musu kam an sha shi, wani lokacin har sai na roƙi mutane su je su yi sahur. Saƙon Baba yana nan a wayata, na canja waya sau biyu ina kwashe shi, har yau ban gama mayar da shi rubutu ba.