Shaida mai hoto a zaɓen kansilolin Ingila: wa aka mayar gida?

Kafin 2023, mai zaɓe a Ingila sunansa da adireshinsa kawai zai faɗa a miƙa masa takardar ƙuri'a. Dokar zaɓe ta 2022 ce ta wajabta nuna shaida mai hoto, aka kuma fara aiki da ita a zaɓen ƙananan hukumomi na 4 ga Mayun 2023.

Hukumar zaɓen Birtaniya ta ce aƙalla mutum 14,000, wato kashi 0.25 cikin ɗari na waɗanda suka je rumfa, aka hana su ƙuri'a ba su dawo ba. Adadin bai taka kara ya karya ba a ido, amma lissafin yana da giɓi. Wanda ya isa gaban tebur aka mayar da shi ne kaɗai aka rubuta. A rumfuna da yawa an tsayar da ma'aikaci a bakin ƙofa yana tambayar shaida, duk wanda ya juya daga nan bai shiga littafi ba, balle wanda ya san ba shi da kati ya yi zamansa a gida. A binciken hukumar, kashi 4 cikin ɗari na waɗanda ba su yi zaɓe ba sun ce dokar ce sanadi. Kujerar kansila kuwa 'yan ƙuri'u kan raba gardamarta, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

'Yan Najeriya, Gana da Kamaru masu izinin zama a can suna da damar zaɓe a matsayinsu na 'yan ƙungiyar Kwamanwel, kuma fasfonsu karɓaɓɓe ne. Ana karɓar lasisin tuƙi da katin shiga bas na tsofaffi. Ko wa'adin shaidar ya ƙare ba komai, muddin hoton yana kama da mai shi. Sai dai ta ainihi ake so, kwafi ko hoton waya ba sa aiki. Katin rangwamen jirgin ƙasa na matasa ma ba ya cikin jerin, abin da ya jawo ƙorafin an fifita tsofaffi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne suna. Idan na shaidar ya saɓa da na rajista, misali matar da ta sauya suna bayan aure, a tafi da takardar aure. Mai niƙabi za ta iya neman a duba fuskarta a keɓe, ta kuma nemi mace ta duba.

Wanda ba shi da ko ɗaya zai iya neman takardar shaidar zaɓe kyauta daga ƙaramar hukumarsa, da hoto da lambar inshorar ƙasa (National Insurance, lambar da gwamnati ke ba masu aiki), kafin ƙarfe 5 na yamma, ranakun aiki 6 kafin zaɓe. Dole ya riga ya yi rajista. A 2023 mutum kusan 89,500 ne suka nema, alhali an ƙiyasta marasa shaida sun kai kusan miliyan 2. Mantuwa ma na kayar da mutum: tsohon firaministan Birtaniya Boris Johnson, wanda gwamnatinsa ta kawo dokar, an mayar da shi a Mayun 2024 sai da ya dawo da shaida.

Masu zaɓe ta gidan waya ba a tambayarsu hoto, alhali maguɗin da ya sa kotu ta soke zaɓen mazaɓu biyu na birnin Bamingam na 2004 ta wannan hanyar aka yi shi.