Ranar da na kankare ƙarfe a inda babu ƙarfe

Na zaɓi haɗa ƙaramin samfurin roba na Hawker Hurricane, jirgin saman yaƙin Birtaniya, na kamfanin Airfix, ma'aunin 1/48 (wato kashi ɗaya cikin 48 na tsawon jirgin gaske), saboda irin waɗannan jirage sun sha sauka a Kano. Daga 1940, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an riƙa harhaɗa su a Takoradi da ke Ghana ta yanzu, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum har Masar. Jirgin da ya sha ranar hamada ba zai yi kama da sabuwar mota ba, shi ya sa na ce sai na tsufar da fentinsa.

Haɗawa da fenti ba su ba ni wahala ba. Wajen tsufarwar ne na yi zaƙewa. Na yago ɗan soso, na tsoma a fenti ruwan azurfa, na dinga dangwalawa ko'ina, wai fenti ya ɓare alminiyon ya bayyana. Daɗin abin ya kwashe ni har wutsiya. Sai da na dawo kan tsofaffin hotuna na gane wautata: sashen baya na gangar jikin Hurricane ƙyalle ne aka shimfiɗa a kan siraran katako. Ina ƙyalle zai samo ƙyallin ƙarfe? Dole na sake fentin wannan sashe gaba ɗaya.

A karo na biyu na bi hotunan sau da ƙafa. Ɓarewar fenti tana gindin fiffike na hagu, inda matuƙi da makanikai ke takawa, sai gefen murfin inji da ake yawan buɗewa, da bakin fiffike da yashi ke duka. Baƙin hayaƙin salansa kuwa ba miƙaƙƙen layi ba ne, yana bin iska ne, yana ɗan lanƙwasa yana dusashewa. Na kankare alli mai launi, baƙi da ruwan ƙasa, na shafa da busasshen burushi kaɗan-kaɗan.

Kafin in zuba tsinkakken fentin mai a cikin siraran layukan da ke jikin jirgin don su fito fili, na fesa fenti mai sheƙi marar launi. In ba haka ba, fentin da ke ƙarƙashi zai shanye shi ya bar tabo. Bayan kamar minti 20 na goge da tsinken auduga, daga gaba zuwa baya.

Abu ɗaya ya gagare ni: lokacin hunturu na yi fesawar ƙarshe, na bar taga a buɗe. Ƙurar da ke kan fiffiken dama yanzu ta gaske ce, kuma ta manne.