Laraba: farin shafi a tsohon Safari

Aikin yau ya tafi ne a kan laburaren gwajin JavaScript ɗinmu, wanda kowa ke iya duba kod ɗinsa ya kawo gyara. Rahoto uku suka taru, duk a kan burauza.

Na farko shi ya fi muni. A iPhone 7 shafin gwaji fari fat yake fitowa, babu koren nasara babu jan faɗuwa. Wayar ta tsaya a iOS 15, kuma har yanzu ana sayen irinta ta hannu a kasuwannin waya kamar Farm Centre ta Kano, don haka ba a cewa a bar ta. Da aka jona ta da Mac aka buɗe Web Inspector, kayan binciken shafi na Safari, sai ga SyntaxError tun kafin layin farko ya gudana. Tushen abin wani regex ne (tsarin neman rubutu) mai waiwaye, wato `(?<=`, da aka saka a sashen tace sahun kira, jerin matakan da kod ya bi kafin kuskure. Safari bai fara gane wannan rubutu ba sai sigar 16.4, a Maris 2023. Da yake an rubuta shi kai tsaye tsakanin layuka biyu masu karkata, injin yana tuntuɓe da shi tun lokacin karanta fayil, sai fayil ɗin gaba ɗaya ya ƙi tashi. try/catch ba ya ceto a nan, domin shi kansa yana cikin fayil ɗin da ba a karanta ba. Babel ma, mai mayar da sabon JavaScript tsohon salo, ba ya sauya waiwaye zuwa tsohon salo, haka yake wucewa da shi.

Gyaran gajere ne: na cire waiwayen, na sa rukunin kamawa, ana ɗaukar `match[1]`. Abin da ya fi cin lokaci shi ne gano yadda ya tsallake gwajinmu na atomatik. WebKit shi ne injin Safari, kuma wanda Playwright, kayan gwajin burauza, ke saukewa sabo ne, ya san waiwaye, don haka komai kore yake nunawa. Na ƙara dokar `no-regexp-lookbehind-assertions` daga eslint-plugin-es-x, mai duba salon kod, ta yadda za a tsayar da irinsa tun kafin a haɗe gyara. A ganina laburaren gwaji ya kamata ya zauna a bayan kod ɗin da yake gwadawa wajen amfani da sabon salo. Mai manhaja yana iya cewa ya daina kula da iOS 15, amma mu ba mu da ikon yanke masa wannan hukunci.

Bayan azahar na koma kan na biyu: idan gwaji ya faɗi a Firefox, layin da ake nunawa ba shi ne inda kuskuren yake ba. `error.stack` kowane inji da tsarinsa. V8 na Chrome da Edge yana fara wa da sunan kuskure da saƙonsa, sannan kowane mataki ya zo da `at`. Firefox da Safari ba sa sa saƙon, kai tsaye suke shiga `suna@fayil:layi:ginshiƙi`. Kod ɗin yana yanke layin farko ko da yaushe, wato a Firefox ainihin wurin da ake nema shi ake zubarwa. Ko a Chrome ɗin ma yankan bai tsira ba, domin saƙon da ya kai layi uku yana barin biyu a cikin sahun. Wani ya ba da shawarar a duba `navigator.userAgent`, bayanin da burauza ke gabatar da kanta da shi. Ban yarda ba: Chrome na iPhone WebKit ne a ƙarƙashinsa, kuma Edge yana ɗauke da kalmomin Chrome da Safari a nasa. Yanzu ana duba kowane layi ne, a riƙe wanda ya yi kama da ɗayan tsarin biyu, a watsar da saura, har da `[native code]` na Safari. Sai a tuna V8 matakai 10 kawai yake ajiyewa in ba a taɓa `Error.stackTraceLimit` ba, idan matakan laburaren suka cinye su, na mai gwaji ba zai bayyana ba.

Na uku ƙarami ne. Wani gwajinmu yana neman tsawon lokaci ya wuce sifili, yana faɗuwa jefi-jefi a Firefox da Safari. Tun bayan raunin tsaro na Spectre a 2018 aka dusashe agogon `performance.now()`, a waɗannan biyun zuwa milisakan 1, don haka aiki mai sauri yana iya ba da 0. Na mai da shi `>= 0`.

Ina nan na lura ana kiran `setTimeout` kai tsaye wajen ƙayyade wa'adin gwaji. Duk wanda ya kunna agogon bogi na laburaren Sinon, ya daskarar da agogonmu ma. Na kama `setTimeout` na asali na adana shi tun lokacin loda laburaren, haka ma `clearTimeout` da `Date`. A burauza sai an ɗaure `setTimeout` da `window` in za a rataya shi a jikin wani abu, in ba haka ba Chrome ya ce Illegal invocation.

Kafin magariba na tura gyaran a buƙatun haɗewa huɗu daban-daban, kowanne da gwajinsa, don a iya janye ɗaya ba tare da sauran ba. Na sahun kira yana jiran wanda zai gwada shi a Safari na gaske, domin ban amince da tsarin ayyuka marasa suna a can ba tukuna.